Littafin Gulbi da Na Cika a Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki barka da sauka, da fatan motar ta kai ki Kaduna ba tare da ta yi muku halinta na tsakanin Anka da Gusau ba. Allah ya tsare ki a masauki da wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu daɗin baki, ko da irina ne. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida kuwa babu, kwana huɗu da tafiyarki ko akuya ba ta haihu ba. Kin san sunan mahaifiyata aka sa miki, bakina ba ya iya kiransa. To akwai wata magana ma da bakin nan ya kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa na zauna rubutu. Za ki ga da fensir na rubuta. Ba rashin biro ba ne, ki yi haƙuri, za ki ji dalili.

Da farko dai madalla da abin da kika nuna mana ana gobe za ki tafi. Wallahi na ga ilimi. Kin buɗe kwamfuta a kan tabarma, kika ce masana sun gina gulbi a cikinta: a gaya masa ruwan saman da aka yi, a gaya masa tudu da kwari, shi kuma ya faɗi yawan ruwan da zai gangaro da ranar da zai iso. Kika ce irinsu uku aka ba ki, aikinki na farko ki zaɓi guda wanda za a riƙa dogara da shi wajen hasashen ruwan Gulbin Zamfara. Da shi za a zana taswirar da za ta nuna unguwar da za a yi wa gargaɗi in ruwa ya taso, da wadda za a ce ta kwantar da hankalinta.

Na farkon nan, babban, na duniya baki ɗaya, ai dole a yi masa kirari. Ya san kogunan ƙasar Sin, ya san na Turawa, bai taɓa shan ko kurɓi ɗaya daga cikinsu ba. Ya yanka duniya gida-gida kamar filin dara, ya ɗauki Gummi da tudunta da fadamarta ya zuba a gida guda, ya ce duk tsayinsu ɗaya. Masha Allah. Shekara da shekaru ina hawan tudun kasuwa da buhu a ka ina haki, ashe hakin banza nake yi, babu tudun. Na biyun kika ce na ƙasashen yankinmu ne, gidajen dararsa sun fi ƙanana. Na ukun ɗan ƙarami ne, gulbi guda ake ɗinka masa kamar riga, sai dai ci gare shi, sai an yi ta ɗura masa awon wurin kafin ya buɗe baki.

Na tambaye ki yadda za ki zaɓa. Kika ce, “Baba, ai mai sauƙi ne. Akwai tsohon littafin awon gulbi na nan wajenmu, an juye shi a kwamfuta. Wanda lissafinsa ya fi dacewa da littafin, shi zan ɗauka.” Kika ce shugabanki ya yaba littafin nan ƙwarai, wai bai taɓa ganin mai tsabta irinsa ba, babu giɓi ko na kwana ɗaya. Kika ce kin gwada, babban ne ya fi dacewa. Sannan kika juyo mana da taswirarsa, kika sa yatsa kan Unguwar Masunta, inda ƙanwata, Goggonki Asabe, take zaune. Launin kore aka shafa wa wurin. Kika ce, “Ka gani Baba, Goggo ta huta, ruwa ba ya kai musu.” Innarki ta ce ai ya taɓa kai musu har ɗaka. Kika yi murmushi kika ce tsofaffi suna ƙara wa labari gishiri, littafi bai nuna haka ba.

Kin ga na miƙe na ce zan yi alwala, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Ummi, littafin nan ni na rubuta shi.

Kina goye a lokacin, kuma ban taɓa ba ki labarin ba. Wani jami'i ya zo daga ofishin ruwa cikin farar mota, suka kafa sandar ƙarfe a bakin mashigin jirgi, an yi mata zane baƙi da fari da lambobi tun daga ƙasa har sama. Suna neman wanda ya iya rubutun boko. Ni na gama firamare, na leƙa sakandare shekara biyu kafin kasuwa ta janye ni, saboda haka aka nuna ni. Aikin ba wuya: safe da yamma ka je ka duba inda ruwa ya tsaya a jikin sanda, ka rubuta. Ina da ɗan littafina na aljihu, ƙarshen wata in juye shi da kyakkyawan rubutu a babban littafinsu, direba ya zo ya ɗauka. Jami'in ya ɗaga mini yatsa ya ce, “Malam, abu guda. Kada ka bar gurbi. Littafi mai giɓi ba ma karɓa.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ranar da ban samu zuwa ba fa?” Ya ce, “Ai don ka je muka ɗauke ka.” Ya shiga mota. Daga ranar ban sake ganin takalminsa a bakin gulbi ba.

To ni ɗan kasuwa ne. Gero da dawa da albasa ba sa sayar da kansu. Ran kasuwar Bukkuyum ina Bukkuyum, ran ta Anka ina Anka, wani lokaci har Adabka a bayan babur, hanyar da in ka dawo sai an gasa maka ƙugu da ruwan zafi. Ina sallame asuba nake kama hanya. Gulbi kuwa ba ya bin mutum kasuwa. Watan farko na bar giɓi uku, aka dawo mini da littafin an zagaye su da jan biro kamar na ɗan makarantar da ya faɗi jarrabawa. Daga nan na koyi sana'a. Ina zaune kan buhun gero, tsakanin wannan mai saye da wancan, in zaro ɗan littafin in duba lambar jiya. In damina ce in ƙara kaɗan. In rani ne in rage kaɗan. Da biron aljihuna nake yin wannan. A bakin gulbi kuwa fensir nake riƙewa, don takarda in ta sha danshi biro ba ya kama ta.

Gulbin da na ƙera a kasuwa gulbi ne mai ladabi. A hankali yake hawa kamar tsoho a matakala, a hankali yake sauka. Ke kuwa a nan aka haife ki, kin san namu. A yi ruwa can wajen Anka, mu nan rana na dukanmu ko ɗigo ba mu gani ba, kwana biyu sai ga shi ja wur, ɗauke da itatuwa da mushen tumaki, ya hau kamu uku tsakanin hantsi da la'asar. In hawan nan ya faɗo ran kasuwa ban gan shi ba. Washegari in tarar ya fara janyewa, sai in daidaita lambobin su bi layi, don kada a sake zagaye ni da ja.

Babban naku da ba ya ganin tudu, shi ma gulbi mai ladabi yake fitarwa. Yaya ba za su dace ba? Maƙaryata biyu ne suka haɗu suka gaisa, ku kuma masu digiri kuka tsaya kuna tafa musu.

Abin da ya fi ba ni haushi, a gaban rumfata kika girma. Kin sha ganin baƙon mai hatsi ya miƙo mini tiyarsa. Hatsin nake fara dubawa? Tiyar nake kifewa in ga ko an bubbuge gindinta ya shige ciki. Ke an miƙo miki littafi kin karɓa da hannu biyu, ba ki kife shi ba. A ƙasar da mutum ke yin zazzaɓi, yake zuwa jana'iza, yake zuwa suna, a kawo miki littafin shekaru babu fashin kwana ɗaya, ki ce tsabta ce? Irin wannan ki ji tsoronsa. Duk awon da za a ba ki nan gaba, na gulbi ne ko na ruwan sama, ki tambayi wanda ya rubuta, ina yake zaune, da me yake ciyar da gidansa, kuma ran kasuwa ina yake. In an ce ba a sani ba, to ki san da abin da kike awo.

Wannan ƙaramin laifin ke nan. Ga babban.

Shekarar da aka yaye ki aka yi ruwan da Innarki ke faɗa. Wata safiya na isa mashigi na tarar babu mashigi, babu sanda, ruwa ne kawai shimfiɗe har gonakin ƙetare. Baba Jaɓɓi mai fito, tsohon nan da ke ƙetarar da manoma a jirginsa, yana tsaye yana kallona. Malamin sanda yake ce mini, don tsokana.

Ya ce, “Malamin sanda, yau mi za ka karantawa? Allon naka ya nutse.”

Na ce, “Baba, kai ni in gani.”

Ya tuƙa ni har daidai wurin. Ya zura gorar tuƙinsa, sai da ta shige fiye da kamu biyu kafin ta ƙwanƙwasa kan ƙarfen.

Ya ce, “To rubuta. Ka ce gulbi ya haɗiye sandar gwamnati, kuma bai ƙoshi ba.”

Na ce, “Baba, babu wurin wannan a littafin. Layin lamba kawai aka yi.”

Ya ce, “Ashe littahin naka ba shi da wurin gaskiya. To ni nawa shina da.”

Ban tsaya jin nasa littafin ba. Na rubuta lambar ƙarshe da ke kan sandar, ta can sama, don ita ce babbar lambar da aka ba ni. Washegari na sake rubuta ta. Kwana tara ina maimaita lamba guda, da fensir, ƙafata cikin ruwa. A cikin kwanakin nan ruwa ya shiga ɗakin Asabe har ƙirji. Rumbunanta biyu suka narke kamar an jiƙa fura, geron shekara ya bi ruwa, awakinta ma haka. Daga kan katanga Baba Jaɓɓi ya ɗauko ta. Wata biyu ta yi a ɗakin Innarki, in aka kawo tuwo ta dube shi sai hawaye. A littafina kuwa, wanda shugabanki ke yabo, ba a yi komai ba. Gulbi ya zo daidai kan sanda ya tsaya cak, kwana tara, kamar an ce masa ga iyakar gwamnati.

Ban gama ba. Da ruwa ya janye muka tarar sandar ta kwanta. Na aika saƙo ofis, shiru. Ni da wani maƙeri muka tumɓuke ta, muka ga inda take laka ce zalla, muka ce bari mu yi wa gwamnati gyara. Muka matsa da ita sama, inda ƙasa ke da tauri, muka kafa ta da kyau har muna yaba wa kanmu. Ban gaya wa kowa ba, don ban ma san abin faɗi ba ne. Tun daga ranar duk lambar da na rubuta, har ta fensir, ta gaza gaskiya da kusan kamu guda. Wato a kwamfutarku, bayan shekarar nan gulbinmu ya tuba ya rage ruwa.

Littafin Baba Jaɓɓi kuwa kin san shi, sai dai ba ki san littafi ba ne. Tsamiyar nan ce da ke saman gaɓa. Duk shekarar da ruwa ya kai ta, in ya janye yakan bar zoben laka a jikinta, shi kuma tsohon ya zo da gatari ya yi sara guda a daidai zoben. Haka mahaifinsa ya yi kafin shi. Shekarar da ruwa bai kai ba, ba ya sara komai, kuma ba wanda ya taɓa zagaye masa giɓin da ja. Kowane sara da sunansa a bakinsa. Na can sama, wanda sai na ɗaga hannu nake taɓawa, shi ne na shekarar da aka ɗauko Asabe daga katanga. Kada wani mai wayo ya ce miki itace na girma, saran yana hawa. Ƙusar da na buga a jikin darbejiyar ƙofar gidanmu don rataye buta, tun kafin a haife ki, tana nan inda take.

Bara da kika zo da abokan karatunki kuna ɗaukar hoto a bakin gulbi, tsohon nan ya kama hannun rigar ɗaya daga cikinsu, mai gilashin nan, zai kai shi gindin tsamiya. Ya zame hannunsa ya ce, “Baba, mu da tauraron ɗan'adam muke aiki.” Kuka yi dariya. Ke ma kin yi, cikin mayafi, na gan ki. Da kuka wuce tsohon ya dube ni ya ce, “Mamman, ɗiyar taka ta yi karatu. Tauraron nan nasu, shi ka zuwa fito in ruwa ya zo?” Da wane baki zan kare ki? Ni na fara raina tsamiyar nan, kina goye, ina cikin jirginsa.

Kada ki ce tsohonki ya ce a jefar da kwamfuta a koma bautar itace. Tsamiya jiya kawai ta sani, ba ta san gobe ba. Shekarar babban ruwan nan da mun sami wanda zai ce mana an yi ruwa mai yawa can sama, yana hanya, da Asabe ta kwashe geronta a kan jakuna cikin yini guda. Wannan shi ne amfanin abin naku, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Babban ma yana da ranarsa: ya ga hadarin da ya sauka nesa, inda Baba Jaɓɓi ba ya gani. A tambaye shi wannan. Amma a tambaye shi ƙofar wa ruwa zai shiga, shi da ya ce kasuwa da fadama tsayinsu ɗaya? Kowane ma'auni da abin da aka ƙera shi dominsa. Ban taɓa auna man gyaɗa da buhu ba.

Kin tuna shekarun nan da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a Yargalma da Abare. Ina shiga wajajen sayen hatsi, na ga masu awon da suka zo. Ba su tsaya a bakin gari sun auna ƙasa sau ɗaya sun ce ga lafiyar gari ba. Gida-gida suka bi, don tsakar gidan da aka daka dutsen zinariya daban, wadda ba a daka ba daban. Da sun haɗa garin duka sun raba daidai, da lissafi ya yi kyau a takarda, ana ci gaba da haƙa ƙananan kaburbura. Ruwa ma haka yake. Ba ya cin gari a dunƙule, ɗaki-ɗaki yake bi.

Ga yadda nake gwada sabon dillali a kasuwar da ban saba ba. Ba na tambayarsa abin da ban sani ba. Abin da na riga na ji a bakin mutum uku nake tambayarsa, in yi fuskar baƙo, in ga abin da zai ce. Ki yi wa ukun nan na kwamfutarki haka. Ki ɓoye musu amsar shekarar babban ruwa. Ki ba su ruwan saman shekarar kawai, ki ce kowa ya faɗi inda gulbi ya kai. Wanda ya kai saran tsamiya na sama, ko ya kusa, a ba shi tabarma a yi magana. Wanda ya bar ɗakin Asabe a bushe, ko sunan wace babbar makarantar duniya ke manne a goshinsa, ki nuna masa hanya. In duk ukun sun faɗi, ki ce duk sun faɗi. Ba dole ba ne a ɗaura wa gulbi aure da ɗayansu a wannan watan.

Girma kuwa ya taɓa cuta ta, kin san shaidar, tana bayan ɗaki. Injin ban ruwan nan. Na je sayen ɗan madaidaici irin na kowa, mai shago ya ja ni ciki ya nuna mini ƙato, ya ce irinsa ake aiki da shi a manyan gonakin ƙasashen waje. Kaina ya kumbura. Rani guda ya yi. Wani ɗan ƙarfe kamar yatsa ya karye a cikinsa, babu a Gummi, babu a Gusau, babu a Sakkwato. Makaniken da ya buɗe shi ya leƙa, ya ce bai taɓa ganin hanjin irinsa ba, ya mayar ya rufe, ya yi masa addu'a. Albasata ta bushe ina kallo, maƙwabcina mai ɗan ƙaramin inji yana ban ruwa yana gaishe ni da aiki. Yau kazar Innarki ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Saboda haka ki tambaya: in waɗanda suka kawo abin nan sun koma ƙasarsu, wa zai buɗe shi? Ke da hannunki za ki iya gaya masa cewa injuna sun yi yawa a fadama, suna zuƙe gulbi da rani? Za ki iya gaya masa yashi ya cike inda da can rami ne, ko gulbi ya ci gaɓa ya sake hanya? In a kulle yake, sai an yi waya wata ƙasa kafin a taɓa shi, to kaza kika saya wa inuwa.

Kuma cikinsu ki fi son wanda ya iya cewa ban tabbata ba, ruwa zai tsaya tsakanin nan da nan. Duk mai kayan da bai taɓa ce mini ban sani ba, ban sake komawa rumfarsa ba. Ni da an yi mini layi guda a littafin nan inda zan rubuta ban je ba, ko sanda ta nutse, da ban zama maƙaryaci ba. A'a, tsaya. Wannan ma ƙarya ce, ga fensir a hannuna. Akwai gefen takarda, fari fes, da na rubuta a can. Tsoron a karɓe aikin ne ya hana ni, da daɗin da nake ji in an ce ga Mamman malamin gwamnati. Haushin jami'in nan ina jin sa har gobe, mutumin da ya fi son takarda cikakkiya a kan gaskiya mai giɓi, kuma irinsa suna nan cike da ofisoshi, za ki gaishe su kowace safiya. Amma hannun da ya rubuta nawa ne.

Abin da ya sa ban jira kin dawo hutu ba shi ne wannan. Jiya na je Unguwar Masunta. Na tarar ana kwaɓa ƙasar sabon rumbu a gidan Asabe, a daidai gurbin waɗanda suka narke. Shekarun nan duk a gidana take ajiye geronta, kan tudu.

Na ce, “Asabe, mene ne haka?”

Ta ce, “Na gaji da jigila, Yaya. Ai ɗiyarka da taz zo sallama ta ce injin ya duba, ruwa ba shi zuwa nan.”

Na ce, “Ki dakata. Ki bar geron inda yake.”

Ta ce, “Kai ka hi injin sani?”

Kin ji. Ko taswirar ba a buga ba, maganarki ta riga ta zama rumbu. Matar da ruwa ya kora kan katanga ta ƙaryata idonta don ɗiyar yayanta mai digiri ta ce kore ne. Na samu ta dakatar da maginin zuwa bayan sallah, da ƙyar, sai da na ce ke kika aiko. Wannan ma ƙarya ce, amma ke za ki mai da ita gaskiya.

Direban da zai ba ki takardar nan zai ba ki tsohon buhun taki ɗaure da igiya. Ƙuli-ƙuli da yaji na sama, na Innarki ne. A ƙasa akwai ƙananan littattafaina na aljihu guda bakwai, daga ƙasan adakarta na tono su. Duk lambar da kika gani da biro ki soke ta, a kasuwa aka haife ta. Ta fensir na je na gani. Inda lamba guda ta jeru kwana tara, ki rubuta sanda ta nutse, abin da ya kamata in rubuta tun kina shan nono. Bayan shafin kwana taran nan za ki ga na zana ɗan gatari a gefe, ranar da muka matsar da sandar ke nan. Sannan ki nemi kwana biyu ki zo da abin awonku ki auna saran tsamiya. Ki zo da wuri. Idon Baba Jaɓɓi ya fara hazo, kuma shi kaɗai ya san sunan kowane sara. In kin zo ki durƙusa ki gaishe shi, ki ba shi haƙurin dariyar bara kafin ki zaro ma'auni.

Da nake ɗaure buhun Innarki ta ce, “Yanzu kai da bakinka za ka gaya ma ɗiyarka kai maƙaryaci na?” Na ce ai kasuwa huɗu sun sani, ita kaɗai ta rage.

Na san abin da nake ɗora miki. Ko sati ba ki cika da kama aiki ba, ki shiga ofishin shugaba da buhun taki, ki ce littafin da ya yaba, wataƙila har ya sa a rahotonsa, rabinsa hira ce. Ba zai ji daɗi ba. Zai ce lokaci ya ƙure, a yi aiki da abin da ke akwai, wa zai sani. Wani zai yi dariya a bayanki yadda kuka yi wa tsoho. In sun tambayi wanda ya rubuta, kada ki ce wani tsohon ma'aikaci. Ki ce babana ne, yana Gummi, yana da rai, ku zo ku tambaye shi. Kunyar tawa ce, na goya ta fiye da shekara ashirin, ta ishe ni. Abin da ba zan yafe ba shi ne ki rufa mini asiri ki sa hannu a taswirar nan. Ni na yi ƙaryata da ilimin aji biyu, ta tsaya a littafi. Ke in kin yi taki, hatimi za a buga mata, a manna ta a ƙofar hakimi, mutane su gina ɗaki a kanta.

Allah ya tsare ki, ya tsare mutuncinki, ya ba ki ƙarfin faɗin abin da ba a son ji. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin ofis, ya dawo mana da ke lafiya. Ya sa daminar bana ta zo da sauƙi, ya tsare na tudu da na fadama. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, Innarki ta ce kin rame. Ni kuma ki sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini abin da na rubuta da biro.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Mamman mai hatsi

Af, na manta ban tambaye ki ba, ke da kika yi karatun. In kin ɗauki wanda ya fi dacewa da littafin nan, me kika auna ke nan, Ummi: Gulbin Zamfara, ko babanki a kan buhun gero?